Haƙoran Katako na Mijin Yayata

A garinmu na Pettigrew, cikin jihar Virginia, babu wanda bai san Delbert Crump ba, kuma babu wanda ya nemi sanin nasa. Ni dai ba ni da mafita, domin yayata Mavis yake aure, kuma shagon askina shi ne ofishinsa. Ba aski yake zuwa yi ba, kansa fes yake kamar ƙwai. Da safe zai shigo ya mamaye kujerar da ke kusa da murhu, ya zuba kofin da bai saya ba, ya shiga koya wa duniya aikinta. Shi ne ya gyara agogon cocinmu har ya koma buga sha biyu sau uku a wuni. Shi ne ya ƙera kwalekwalen da ya nutse tun yana bakin gaɓa. In ka tambaye shi, sai ya ce agogon ne tsohon yayi, kogin kuma ruwansa ne ba shi da ƙarfi.

Mavis ta jure duk wannan ba ta taɓa ɗaga murya ba. Abu ɗaya ta hana shi, bishiyar ceri mai ƙananan jajayen 'ya'ya da ke gangaren bayan gida. Mahaifiyarmu ce ta dasa ta da hannunta a shekarar da aka haifi Mavis. A gindinta muka yi rarrafe, a inuwarta tsohuwar ta yi zamanta na ƙarshe kafin ta kwanta. Duk shekara Mavis takan tsinke 'ya'yan ta dafa ta rufe a kwalabe. In watan Fabrairu ya zo, ta gasa fai da su, wato gurasa mai zaƙi da ake cusa wa 'ya'yan itace, ta kai gasar bikin haihuwar Washington, shugaban ƙasarmu na farko, ta ci na ɗaya ta dawo gida. Tun ranar da Delbert ya tare a gidan ta faɗa masa a gabana:

"Gida naka ne, gareji naka ne, in ka ga dama ka kwance rufin ka mayar. Amma ran da ka taɓa bishiyar Mama, ran nan za ka san wadda ka aura."

To, a bikin nan akan zaɓi mutum ɗaya ya sa farar hular gashi da shuɗin kwat, ya hau farar goɗiya a gaban fareti a matsayin shugaban, in an kai matakalar kotu ya sauka ya yi wa gari jawabi. Shekara da shekaru wani tsohon ma'aikacin gidan waya ke yi. A shekarar da nake ba ku labari ya zame a kan ƙanƙara ya karye a ƙugu, wuri ya buɗe.

"Ni zan hau goɗiyar nan bana," in ji Delbert, tun bai gama karkaɗe takalmansa ba.

Tsoho Purvis, wanda ya yi ritaya daga tuƙin jirgin ƙasa ya koma buga dara a shagona, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ɗin? Mutumin nan dogo ne fa. Kai kuwa sai ka taka kujera kake ganin cikin tukunya."

"Tsawo ne shugabanci? Ai da raƙumin dawa muka zaɓa. Ku dai an daɗe ana cutarku. Shekara nawa ana kawo muku shugaba mai haƙoran roba kuna tafi? Ko ɗan aji ɗaya ya san da haƙoran katako mutumin nan ya ci yaƙi. Ni da na katako zan fito, in yi jawabi da su, in ci fai da su a gaban kowa."

Likita Winslow, mai cirar haƙori, yana kan kujerata ina rage masa ƙeya. Shi ne ya yi wa Delbert haƙoran robar da ke bakinsa, sama da ƙasa.

"Ba katako ba ne, Delbert," ya ce. "Hauren dorina ne, da haƙoran dabbobi, da na mutane, da dalma, da sifirin na ƙarfe. Tsufa ne ya sa suka yi duhu suka tsattsage, mutane suka ɗauka ice ne. Akwai saiti guda cikin gilashi a gidansa na bakin kogi. Ka hau mota ka je ka gani, kafin abincin rana ka dawo."

"In je in ga me? Abin da likitoci 'yan'uwanka suka ajiye don kada kasuwarku ta mutu? Ran da talaka ya gane zai iya sassaƙa haƙoransa a gareji, ran nan za ka koma sayar da gyaɗa."

Purvis bai ɗago daga kan darar ba. Ya ce, "Ka dai ji an ce har da na mutane. Kuma an san ya sayi haƙora daga bakin bayinsa. Mu jikokin bayi, a gidanmu ba a manta wannan ba. Ku ne kuka ga katako ya fi daɗin faɗa wa yara."

Wani mai kunya da ya bar zancen a nan. Delbert kuwa ya kurɓi kofi ya ce, "To ka gani! Ashe nawa ma za su fi nasa tsabta, tunda ba zan cire wa kowa ko ɗaya ba."

"Da wane ice za ka yi?" na tambaye shi.

"Sirrin sana'a ne, ƙanina. Kai dai ka ji da ƙeyar mutane."

Abin da ya biyo baya, daga baya muka san shi, amma gara in faɗa muku tun yanzu don ku ji haushin tare da ni. Delbert ya ƙudurce a ransa cewa babu icen da ya dace da bakin shugaba sai ceri, kuma ceri ɗaya ce a kusa da hannunsa. Ya kuma yi lissafi irin nasa. Mavis na fama da ciwon gwiwa, ba ta sauka gangaren nan in dusar ƙanƙara ta rufe shi, daga tagar kicin kawai take hango bishiyar. A lokacin sanyi kuwa babu ganye ko ɗaya, busasshen reshe da ɗanye duk kamarsu ɗaya. Saboda haka ranar Laraba da rana, Mavis na fita koyon waƙar coci, gogan ya ɗauki zarto ya sauka. Ya yanke babban reshe daga gindi, ya cire guntun da ya fi kauri, ya mayar da sauran ya ɗaure da waya, ya buga ƙusa, ya shafa taɓo a kan mahaɗin. Daga taga, bishiya tana nan yadda take, sai dai ta ɗan rage tsawo ta gefe guda.

Saiti na farko ya sassaƙa shi da wuƙar aljihu da magagari, ya ɗora a kan murhu ya kwana don ya bushe. Ya shigo shagona da shi a baki yana murmushi, haƙoran jawur kamar wanda ya shekara yana cin goro.

"A ba ni abu mai tauri," ya ce. "Kowane iri."

Purvis ya miƙa masa tuffa. Delbert ya ɗaga ta sama don kowa ya shaida, ya kai baki, ya gartsa. Muka ji ƙas, amma ba daga tuffar ba. Na saman ya tsage gida biyu, sartse ya shige masa harshe. Na zaunar da shi a kujerar aski na ciro da hantsaki, yana ihu yana cewa tuffar ce ba ta nuna ba.

"Kuskuren ƙarami ne," ya ce yana tofar da jini. "Na yi su sirara don kyau. Na gaba zan yi su don aiki."

Reshe na biyu ya tafi. Wannan karon ya yi su da kauri, kowane haƙori kamar ɗan dara. Leɓunansa suka ƙi haɗuwa. Duk kalmar da ya faɗa sai ta fito da fito a bayanta, yawu na bin haɓarsa. Haka ya je coci ran Lahadi, ya zauna a sahun gaba, ya kama waƙa da ƙarfi, yara suka fashe da dariya har Fasto ya tsaya ya nemi wanda ya shigo da usur. Da aka tashi, muƙamuƙinsa ya gaji, ya ciro su ya ajiye a kan benci a waje don ya huta. Karen Purvis, wanda ake kira Kanar, bai taɓa ganin an ajiye guntun ice an hana shi ba. Ya cafke ya zura da gudu. Rabin gari sun ga Kanar ya bi babban titi yana yaƙe da haƙoran mutum, Delbert na biye da shi da dasashi yana kiran 'yan sanda.

"Sun fi yi masa kyau," in ji Purvis. "Ka bar masa, ka yi wa kanka wasu."

Ran nan a gidansu na ci abincin rana. Mavis na tsaye a tagar kicin tana wanke kwanuka, ta daɗe tana kallon gangaren.

"Harlan," ta kira ni, "zo ka duba mini. Ni ce idona ya lalace, ko bishiyar Mama ce ta gajarce?"

Kafin in tashi Delbert ya riga ni zuwa tagar ya tare ta da kafaɗa.

"Sanyi ne, uwargida. Komai yana tsukewa a sanyi. Ƙarfe ma yana tsukewa balle ice. Ke kanki in kin fita ba kya ɗan duƙawa?"

"Shekara sittin ina kallonta, ban taɓa ganin ta duƙa ba."

"Ba a taɓa sanyi irin na bana ba. Da zafi ya dawo za ta miƙe, har ta ƙara."

Mavis ta dube shi, ta dubi bishiyar, ta ci gaba da wanke-wankenta. Ni ma na yarda, Allah ya sani, domin ko a mafarki ban zaci akwai mutumin da wautarsa ta kai can ba.

Saiti na uku ya ci rassa biyu, domin na farkon ya karye a hannunsa. Wannan girmansa daidai ne, amma ɗanyen icen ceri ɗaci gare shi, kuma yana fitar da ƙaro. Delbert ya ce maganin wannan ai a hannu yake. Ya samo ragowar farin fentin kwalekwalensa da ya nutse, ya shafa musu, ya bi da banish, bai jira sun gama bushewa ba ya cusa a baki don ya riga Purvis zuwa shago. Ya shigo, ya zauna, bai ce uffan ba. Muka yi ta kallonsa.

"Lafiya?" na ce. "Wani ya rasu ne?"

Ya nuna bakinsa da yatsa, idanunsa sun firfito. Na sama da na ƙasa sun manne, leɓen ma ya manne a kansu. Tun da na buɗe shagon nan ban taɓa samun safiya mai daɗi kamar wannan ba. Purvis ya roƙe ni da girman Allah in bar shi haka zuwa yamma. Sai da muka ga yana canza launi muka tallabe shi zuwa wurin Likita Winslow, wanda ya ɓata rabin wuni da man zaitun da ɗan ƙarfe kafin ya ɓamɓare su.

"Delbert," in ji Likita, "ka mayar da na robarka, ka sa hular gashi, ka hau goɗiya. Babu wanda zai leƙa bakinka. Na faɗa maka, nasa ma ba ice ba ne, kuma sifirin ne ke riƙe su."

Duk cikin maganar kalma ɗaya Delbert ya ji.

"Sifirin ka ce? Ai shi ne na rasa! Likita, da ka faɗa tun farko maimakon baƙin ciki."

Kuna iya tambaya yadda aka yi har aka zaɓi wannan mutum. Uwargida Eudora, shugabar kwamitin biki, ba sakara ba ce. Labarin mai haƙoran katako ya riga ya zaga garuruwan maƙwabta, har an fara tambayar inda za a ajiye motoci. Ta zo shagona da kanta ta miƙa masa kwat da hular gashi, ta ce, "Malam Crump, ƙasa na alfahari da kai." Da ta juya ta raɗa mini, "Ko ya yi daidai ko ya yi kuskure, bana za mu sayar da fai."

Rassa masu kauri sun ƙare, saura ƙirjin bishiyar. Delbert ya ce dama zuciyar ice ce ba ta tsagewa. Ranar Larabar ƙarshe ya kwance duk abin da ya ɗaure, ya yanke gangar jikin daidai ƙirjinsa, ya cire abin da yake so, ya sake ɗora saman a kan kututturen, ya haɗa da waya da ƙusoshi da igiyar shanya. Sifirin kuwa daga tarkon ɓera ya ciro su, guda biyu, ya kafa ɗaya a kowane gefe. Don kashe ɗacin, ya jiƙa haƙoran cikin ruwan zuma suka kwana. Na robar ya bar su a kofin gilashi kusa da gado.

Ranar biki gari ya cika maƙil. 'Yan badujala na gaba, motar kashe gobara na baya, tebura jere a gindin matakalar kotu ɗauke da fai, na Mavis a tsakiya da jan ƙyallen na ɗaya an riga an manna masa. Sai ga Delbert a kan farar goɗiya, an naɗe masa hannun kwat sau biyu.

Dole in faɗi gaskiya, abin ya ba ni mamaki. Icen ya sha ruwa ya kumbura, sifirin ɗin na tura na sama sama, na ƙasa ƙasa, saboda haka dole ya damƙe bakinsa gam. Leɓe ya turo, kumatu suka cika, fuska ta ɗaure tamau. Wata tsohuwa ta zaro takardar dala ɗaya, mai hoton shugaban, daga jakarta ta ɗaga, ta dube ta, ta dube shi.

"Ikon Allah! Shi ne sak!"

Nan da nan kowa ya zaro dala yana gwadawa. Tafi ya ɓarke. Delbert ya ɗaga hannu a hankali irin na manya, ya bi ni da wani kallo, ya bi Likita da wani, ya tsaya a kan Purvis ya daɗe. Goɗiyar ce kawai ba ta damu da tarihi ba. Ta ji ƙanshin zuma, ta riƙa juyo da kai tana neman lasar haɓarsa, har suka yi zagaye biyu a tsakiyar titi, mutane suka ɗauka cikin shirin ne suka ƙara tafi.

Aka kai matakala. Aka sauko da shi, Eudora ta gyara masa makirufo, lasifiku huɗu a kusurwoyin dandali. Ya gyara hular gashi, ya buɗe ƙirji, ya ja numfashi, ya buɗe baki zai ce 'yan'uwana.

Tarkon ɓera ya yi aikinsa. Haƙoran suka yi tsalle daga bakinsa, sama da ƙasa a haɗe, suka bugi makirufon har dandali ya amsa, suka sauka matakala suna ɓalli-ɓalli kamar kwaɗo, suka dira kan tebur, suka nutse a tsakiyar fai ɗin Mavis. Suna ciki ma ba su daina buɗewa da rufewa ba sai da suka yi kamar sau uku.

Dariyar da aka yi ran nan, mai busa ƙaho sai da aka ba shi ruwa. Da a nan abin ya tsaya, da Delbert ya kwana lafiya. Mavis ma dariya take tana share hawaye, duk da fai ɗinta ne ya lalace. Amma Purvis ya matso, ya sa cokali ya tsamo haƙoran, ya goge da adiko, ya jujjuya su a rana, ya ɗaga murya.

"Haba Delbert! Duk cika bakin nan ashe katakon akwatin sabulu ne? Ai ko mai kiwon kaji ba zai yi ƙofar akurki da wannan ba."

Na ga fuskar Delbert ta canza. Ya jure tsagewa, ya jure kare, ya jure fenti, ya jure dariyar garuruwa uku. Amma a raina masa kaya a gaban jama'a, wannan ya fi ƙarfinsa. Ya cafki makirufo da hannu biyu, ya buɗe dasashi.

"Akwatin sabulu? Jahili! Ka san ice kuwa? Ceri ce wannan, zuciyar ceri! Kuma ba kowace ba. Bishiyar da ta fi kowace a yankin nan, shekararta sittin, wadda 'ya'yanta ke cin na ɗaya a gasar nan duk shekara! Je ka tambayi kowa!"

Lasifiku huɗu suka kai maganar har bakin kogi. Ba wanda ya tambayi kowa. Gaba ɗaya dandalin ya juya ya dubi jan ƙyallen da ke kan tebur, sannan ya dubi matar da ke tsaye a bayansa.

Mavis ta daina dariya. Ta karɓi haƙoran daga hannun Purvis, ta kai hanci ta shinshina, ta shafa jan icen da babban yatsa. Sannan ta ɗauki sandarta ta kama hanyar gida. Na bi ta. Purvis ya biyo ni. Kafin mu sha kwana gari duka yana bayanmu, har 'yan badujala da motar kashe gobara, Delbert na ƙarshe yana gudu cikin kwat ɗin da ke jan ƙasa yana kiran, "Uwargida, tsaya in yi miki bayani, abin kimiyya ne!"

Ta sauka gangaren da ciwon gwiwarta, na riƙe mata hannu. Daga kusa ba sai an faɗa maka ba. Waya ta ko'ina, kawunan ƙusoshi, taɓo ya bushe ya zube, igiyar shanyarta da ta yi ta nema tana ɗaure a katanga. Ta ɗaga sanda ta ɗan taɓa reshe ɗaya. Ya faɗo. Ya ja na kusa da shi, wancan ya ja igiya, saman gaba ɗaya ya karkata ya kife cikin dusar ƙanƙara. Abin da ya rage tsaye kututture ne, tsawon ƙirjin gajeren mutum.

Babu wanda ya yi dariya a nan. Mavis ta dafa kututturen da tafin hannu kamar mai taɓa goshin mara lafiya, hawaye na zuba. Ni kuwa raina ya ɓaci, kuma da ba don Fasto na tsaye kusa da ni ba, da na yi wa mijin yayata askin da ba a yi da almakashi.

"Zai tsiro," in ji Delbert da ƙaramar murya. "Datsa ma amfani take yi wa bishiya. Manoman zamani..."

"Yi shiru," in ji Mavis.

Ta hau gangaren ta shiga gida. Muka ɗauka kayansa za ta watso. Sai ga ta ta fito da kofin gilashin nan na gefen gado. A gaban kowa ta tsiyaye ruwan, ta juye haƙoran robar cikin adiko, ta ƙulle, ta jefa a jakarta ta ja zif.

"Ka ce zai tsiro ko? To madalla. Ran da bishiyar Mama ta sake ba ni 'ya'ya, ran nan za ka ga haƙoranka. Likita, in ka yi masa wasu, ni da kai ne."

"Ni ai na kusa komawa sayar da gyaɗa," in ji Likita.

"Uwargida, to da me zan ci abinci?"

Ta miƙa masa na katakon, fai na ɗiga daga jikinsu.

Bai sake sa su ba. Faten masara ya koma sha, safe da rana da dare, har kumatunsa suka lotsa. Amma ku zo ku ga mai jinya. Da zafi ya shigo, kututturen ya fitar da 'yan tsiro, Delbert ya kewaye shi da raga, ya riƙa ɗaukar ruwa da bokiti, yana tsince tsutsa da hannu, yana yi wa tsiron magana. Hular gashin nan, da Eudora ta ce ba ta so a mayar, ita yake sawa ya zauna a gindin yana korar tsuntsaye. A shago kuwa ya koma koya mana dashe, yana cewa shi ya sabunta bishiyar da gangan, tsufa ne ya kusa kashe ta.

Sai a shekara ta uku ta yi fure, kaɗan. Furen ya zube, ya bar ɗiya ɗaya tak. Delbert ya yi gadinta kamar jaririya har ta nuna, ya tsinko ta a kan faranti, ya kira ni da Purvis shaida, ya ajiye a gaban Mavis ya buɗe tafin hannu.

Mavis ta ɗauki 'yar cerin ta daɗe tana kallonta. Ta sa a baki, ta lumshe ido, ta ce, "Ta Mama ce." Sannan ta buɗe jaka ta kwance adiko, ta ɗora masa na sama a hannu, ta mayar da na ƙasa ta ja zif.

"Ina ɗayan?"

"'Ya'ya na ce. Wannan ɗiya ce."

Delbert ya dubi rabin haƙoransa, ya dube mu. Ya cusa su, ya gyara zama, ya ɗaga haɓa.

"Ba komai," ya ce. "Shugaban ma da haƙori ɗaya tak a bakinsa ya hau mulki. Ni ga jere guda."

"Haka ne," in ji Purvis. "Tashi, ranka ya daɗe, tsuntsu ya sauka a kan bishiyar."

Kafin ya rufe baki Delbert ya kai rabin gangare, hular gashi a hannu.